Daga Hukuncin Mai Kallo Zuwa Koken Majiyyaci: Tarihin Kalmar *Giddy* a Ingilishi

Idan mutumin Ingila ya ce wa likita yana jin kansa *giddy*, yana nufin jiri na ɗibarsa, ko hajijiya ta kama shi, ko kuma kansa ya yi sakayau kamar zai faɗi. Idan kuma aka ce wata yarinya ta zama *giddy* saboda biki ya matso, ba wanda zai nemo mata magani, domin ana nufin murna ce ta sa ta rawar kai. A littattafan ƙarni na 16 da na 17 kuwa za a tarar an kira taron jama'a da wannan kalma, ana nufin mutane ne marasa tsayayyen ra'ayi, yau suna bayan wannan sarki gobe suna bayan wancan. Kalma ɗaya ke nan ta ɗauki ciwo da murna da zargi. Masu ƙamus da yawa sukan fara jera ma'anar jiri, sannan sauran su biyo baya kamar rassan da suka tsiro daga gare ta. Haka Samuel Johnson ya yi a ƙamusunsa na 1755, kuma haka hankali yake fara ɗauka, tunda an saba ganin harshe yana aron sunan abin da jiki ke ji ya laƙaba wa hali. Da'awar wannan maƙala ita ce tarihin kalmar ya bi akasin wannan hanya. Kalmar ta fara ne a matsayin hukuncin da mai kallo yake yanke wa wanda ya ga hankalinsa ya gushe, kuma sai da aka shafe ƙarnuka kafin ta shiga bakin mai ciwon ta zama koken abin da yake ji a cikin kansa. Wannan jinkirin shigowa shi ya sa har yau ba ta zauna daram a kan alamar ciwo guda ba.

Mu fara da shaida mafi tsufa. Aldhelm, bishop ɗin Sherborne wanda ya rasu a 709, ya shahara da rubuta Latin mai tsauri, cike da kalmomin da ba kowa ya san su ba. Saboda haka masu karatu a gidajen ibadar Ingila suka riƙa rubuta fassarar kalmomi masu wuya da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layukan littattafansa, kamar yadda almajirin ilimi yake yi wa littafin fiƙihu idan malam yana ba shi karatu. Arthur Napier ya tattara irin waɗannan fassarori ya buga su a 1900, kuma a cikinsu ne, a rubutun da aka yi wajen ƙarni na 11, kalmar tamu ta bayyana tana fassara *lymphaticus*. Wannan kalmar ta Latin tana nufin wanda ya haukace, ya fita hayyacinsa, kuma Rumawa sun danganta ta da wata kalmar Girkanci mai nufin wanda aljanun ruwa suka kama. To, a farkon ganinmu da *gydig* ko *gidig* a rubuce, babu maganar juyawar ƙasa ko duhun ido ko kaɗan. Mahaukaci ake nufi, kuma hauka suna ne da wasu suke ba mutum, da wuya a ji shi ya ba kansa.

Ginin kalmar ya ƙara kai mu baya. Ɗafa-ƙeyar *-ig* ita ce kakar *-y* ta Ingilishin yau, wadda ake liƙa wa suna a samar da sifa mai nufin mai ɗauke da abu kaza. Saiwar da aka liƙa mata kuwa, a ra'ayin da ƙamusun Oxford da sauran manyan ƙamusoshin asalin kalmomi suka tsaya a kai, ita ce *god*, wato abin bauta. Bambancin wasalin da ke tsakanin *god* da *gydig* ya samo asali ne daga wani naso sananne a harsunan dangin Jamusanci, inda wasalin *i* na gaɓar da ke biye yake jawo wasalin da ya gabace shi zuwa gaban baki. Ba a wannan kalma kaɗai ya faru ba. Daga *gold*, zinariya, aka sami *gylden*, abin da aka yi da zinariya. Daga *fox*, yanyawa, aka sami *fyxen*, macenta. Daga *god* ɗin kanta ma aka sami *gyden*, abar bauta mace. Wannan naso ya gama aikinsa tun kafin a fara rubuta Ingilishi sosai, don haka shi kansa ya zama ma'aunin shekarun kalmar: an ƙirƙire ta tun zamanin da kakannin Ingilishi suke bautar gumaka, kafin Kiristanci ya kafu a cikinsu bayan zuwan Augustine ƙasar Kent a 597. Abin bautar da ke cikin kalmar ke nan na maguzancinsu ne, kuma *gydig* shi ne mutumin da irin wannan abin bauta ya hau kansa. Akwai ƙanwarta a Tsohon Ingilishi, *ylfig*, wadda aka gina ta daidai da wannan tsari daga *ælf*, wani jinsin iskoki a camfinsu, kuma ita ma a irin waɗannan fassarori ta fito tana fassara kalmomin Latin masu nufin mai farfaɗiya ko mai faɗin gaibu. Alaric Hall ya yi dogon nazari a kanta a littafinsa na 2007 game da waɗannan iskoki a Ingilar wancan zamani. Wannan hanya ta sanya wa hauka suna ba ta tsaya ga Turawan arewa ba. Girkanci yana da *entheos*, wanda abin bauta ya shige shi, inda Ingilishi ya samo *enthusiasm*. Latin yana da *fanaticus*, daga sunan ɗakin bauta. Larabci kuwa ya gina *majnun* daga *jinn*, abin da duk mai karatun Larabci a cikinmu ya sani.

Mai suka zai iya tsayar da mu a nan, kuma yana da hujja. Shaidar kalmar a Tsohon Ingilishi ƙalilan ce ƙwarai, kuma babu wani nassi da ya fito fili ya ce mai *gydig* abin bauta ne ya hau shi. Bugu da ƙari, wasu masu ƙamus na ƙarni na 19 sun samo kalmar daga wata saiwa dabam, wato *gidd*, waƙa, da aikatau *giddian*, rera waƙa, suna ganin mai rawar kai shi ne mai yawan waƙe-waƙe da annashuwa. Da wannan ra'ayi ya tabbata, da ma'anar murna ce ta fari, da kuma ginin wannan maƙala ya rushe. Amsar tana cikin furuci. Baƙin farko na *gidd* yana gaban wasalin gaba tun asali, don haka ganɗantawa ta same shi ya koma sautin *y*, shi ya sa jikar kalmar a Ingilishin Chaucer take farawa da *y*, ake cewa *yedding*. Da *giddy* daga nan ta fito, da yau *yiddy* ake cewa. Baƙin farkonta ya tsira a matsayin bahanɗen *g* ne saboda a lokacin da ganɗantawa take aiki wasalin ƙurya ne yake biye da shi, irin na *god*. Game da ƙarancin shaida kuwa, gaskiya ne, kuma zai yiwu malamin da ya rubuta kalmar a ƙarni na 11 ba ya jin amon abin bauta a cikinta ko kaɗan. Sai dai hujjar da nake ginawa ba ta dogara ga wannan ba. Abin da take buƙata shi ne ma'anar hauka ta riga ma'anar jiri, kuma wannan a rubuce yake, ba hasashe ba ne.

Daga ƙarni na 12 zuwa na 14 kalmar ta yi sanyi, ta sauko daga hauka zuwa wauta. A waƙar muhawarar mujiya da wata tsuntsuwa mai zaƙin murya, wadda aka rubuta wajen ƙarni na 13, da kuma tarihin da ake dangantawa ga Robert na Gloucester na wajen 1300, *gidi* wawa ne ko marar tunani. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba, ta fake a ƙauyuka, domin John Ray a tarin kalmomin karkara da ya buga a 1674 ya kawo ta da ma'anar wanda fushi ya haukata. Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Kishiyarta *dizzy*, wadda a yau ta fi ta yawo a asibiti, a Tsohon Ingilishi *dysig* ce, kuma ma'anarta wawa. Ita ce kalmar yau da kullum ta wauta, har a fassarar Linjila ta Saksoniyar Yamma ta wajen 990 da ita aka kira 'yan matan nan biyar marasa wayo na misalin fitilu da ke cikin Matiyu. 'Yan'uwanta a tsohon Jamusanci ma wauta suke nufi, alhali a harshen Holan na yau *duizelig* mai jin jiri ne. Ita ma *dizzy* sai a ƙarni na 14 ta fara nufin juyawar kai. A ganina, zuwan *fol* daga Faransanci bayan mamayar Normandawa ta 1066, wadda ta zama *fool* ta kuma ƙwace aikin kiran wawa, yana cikin abin da ya saki waɗannan kalmomi biyu suka sami damar karkata zuwa wani aikin.

Lokacin da karkatar ta faru yana da muhimmanci. Sunan *giddiness* ya fara nufin jiri a ƙarshen ƙarni na 14, sifar kuma ta zauna sosai da wannan ma'ana a ƙarni na 16. Ƙarshen ƙarni na 14 ɗin nan shi ne zamanin da aka shiga juya littattafan ilimi daga Latin zuwa Ingilishi: John Trevisa ya gama fassara babban kundin Bartholomaeus Anglicus a 1398, kuma littafin tiyata na Guy de Chauliac, wanda aka rubuta a 1363, ya shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 15. Likitancin da waɗannan littattafai suka gada yana da kalmomi masu rarrabewa, waɗanda aka gina daga abin da majiyyaci yake ji. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambanta a cikin Alƙanunsa tsakanin *duwar*, inda mutum yake ganin abubuwa suna juyawa, da *sadar*, inda ido yake yin duhu idan ya miƙe har ya kusa faɗuwa. Gerard na Cremona ya fassara littafin zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, kuma likitocin Turai suna da nasu tagwayen kalmomi na wannan bambanci, *vertigo* daga aikatau mai nufin juyawa, da *scotomia* daga kalmar Girkanci ta duhu. Masu fassara zuwa Ingilishi sun ari *vertigo* yadda take, amma domin mai karatu na gari ya gane sai sun haɗa ta da kalmar da ake ji a kasuwa. Abin da suka tarar a kasuwa kuwa kalmomin wauta da hauka ne, waɗanda ba su san bambancin juyawa da duhun ido ba, domin ba don wannan aka ƙera su ba.

Tambayar da ta rage ita ce, me ya haɗa wawa da mai jiri har kalma ta tsallaka daga wannan zuwa wancan? Abin da ido ke gani ne ya haɗa su. Wanda ke tsaye a gefe ba ya ganin ɗakin da ke juya wa majiyyaci. Abin da yake gani shi ne mutum yana tangaɗi, yana lalube, ana yi masa magana yana amsawa a ruɗe, kuma haka yake ganin mashayi da mai taɓin hankali da wanda aka buga wa sanda a ka. Misalin da ya fi fito da wannan fili yana garken tumaki. Akwai wata cuta da tsutsar *Taenia multiceps* take haddasawa. Babbar tsutsar tana zaune a hanjin kare, ƙwayayenta su fita da kashinsa su zuba a ciyawa, tunkiya ta ci, sai ɗan tsutsar ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa ya yi ƙullutu mai ruwa. Tunkiyar sai ta ware daga garke, ta karkatar da kai, ta riƙa zagaye wuri ɗaya har ta faɗi. Friedrich Küchenmeister ne ya tabbatar da wannan zagayen rayuwar tsutsar ta hanyar gwaji a 1853, amma makiyayan Ingila, ƙasar da arzikinta a tsakiyar zamani ya dogara ga ulu, sun san cutar tun da daɗewa. Suna kiran irin wannan tunkiya *giddy*, har daga baya aka gutsure kalmar aka sanya wa cutar suna *gid*. A jikin wannan dabba ma'anonin biyu sun haɗu babu rata: ta zautu, kuma tana juyawa, kuma ba ta da bakin da za ta faɗi abin da take ji, saboda haka dole sunan ya fito daga mai kallo. Wani sunan cutar shi ne *sturdy*, daga tsohon Faransanci *estourdi*, wanda kansa ya ɗaure ya ruɗe, kalmar da a kan mutane ta bi wata hanyar ta zama mai taurin kai, daga baya kuma ƙaƙƙarfa. Ba ina cewa tumaki ne suka sauya ma'anar kalmar ba, tunda sunan *gid* bai bayyana a rubuce ba sai wajen 1600, bayan sauyin ya riga ya faru. Na kawo su ne domin suna nuna irin yanayin da mai magana zai furta kalmar da tsohuwar ma'ana, mai sauraro kuma ya fahimce ta da sabuwa, ba tare da ɗayansu ya lura ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Tsohon Ingilishi yana da *swima*, kalmar da ke nufin jiri da suma kai tsaye, daga ɓangaren mai jin abin. To ina batun cewa harshen ya fara da mai kallo? Sannan ga Jamusanci, inda *Schwindel* ta fara da nufin jiri, daga aikatau mai nufin gushewa, daga baya ta zama zamba, har Ingilishi ya ari *swindler*, ɗan damfara, a shekarun 1770. A nan ma'ana ta tashi daga jiki ta tafi hali, akasin abin da na bayyana. Na yarda da duka biyun, kuma suna taƙaita da'awata yadda ya kamata. Ba na kafa dokar da ta hau kan dukkan harsuna, tarihin kalmomi biyu nake bi. Amma a duba abin da ya sami *swima*. Ta shuɗe daga Ingilishin yau da kullum. Kalmar da ta dace da aikin ta ɓace, waɗanda suka zo daga zargi suka gaje wurinta, kuma wannan shi ne abin da ke buƙatar bayani. Misalin Jamusanci kuwa yana nuna cewa ƙofar da ke tsakanin rashin daidaiton jiki da rashin daidaiton hali a buɗe take ta kowane ɓangare. Abin da ya bambanta shi ne ta wane gefe kowace kalma ta shigo, kuma *giddy* da *dizzy* ta gefen hali suka shigo.

Saboda ta can suka shigo, ba su taɓa ajiye kayan da suka zo da su ba. A ƙarni na 16 ma'anonin suka riƙa ciyar da juna. Wawan dā ya zama marar natsuwa, wanda ra'ayinsa ke juyawa kamar yadda kan mai hajijiya ke juyawa, kuma marubutan zamanin Shakespeare sun yi ta jifan talakawa da matasa da ita. A wannan ƙarnin ne kuma ma'anar wanda murna ta ɗauke wa hankali ta bayyana, haka ma *light-headed*, wadda tun farkonta take nufin mai jiri da kuma marar kamun kai. Ya kamata a lura da waɗanda aka fi jifa da ma'anar zargin: mata, musamman 'yan mata, har Ingilishin Amurka ya mayar da *dizzy* laƙabin raini ga mace mai gashi ruwan zinariya da ake ɗauka ba ta da tunani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ta je asibiti da koken jiri, domin kalmar da za ta faɗi ciwonta da ita ita ce kuma ake raina hankalinta da ita. A yau rabon aikin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka *giddy* ta fi karkata ga murna, a Birtaniya tsofaffi suna kai kuka da ita wurin likita, a Ingilishin Indiya da Singafo kuwa *giddiness* kalmar asibiti ce ta yau da kullum.

Suka ta uku ita ce wadda masana harshe suka fi saurin yi, cewa asalin kalma ba ya hukunta ma'anarta ta yau, kuma majiyyacin da ke cewa *dizzy* bai san Aldhelm ba. Haka ne, kuma ba na cewa tsohuwar ma'ana ita ce ta gaskiya. Abin da nake cewa shi ne tarihi yana bayyana faɗin kalma, wato iyakar abin da take rufewa. Kimiyya ta yi nisa wajen rarrabe abubuwan da ke ƙarƙashin wannan koke. Pierre Flourens ya nuna a shekarun 1820 cewa yanke lanƙwasassun bututun kunnen ciki na tattabara yana hana ta daidaita kai da jiki. Prosper Ménière ya gaya wa likitocin Faris a 1861 cewa hajijiya tana iya fitowa daga kunne, a lokacin da ake ɗora ta a kan cunkoson jini a ƙwaƙwalwa. Robert Bárány ya sami kyautar Nobel ta 1914 a kan aikin wannan sashe na kunne. Da ilimi ya taru, sai David Drachman da Cecil Hart suka fito a 1972 da tsarin da ya raba koken gida huɗu: ganin juyawa, jin kusantar suma, rashin daidaito a tafiya, da wani sakayau na kai da ba shi da takamaiman siffa. An koya wa ɗaliban likita su tambayi majiyyaci me yake nufi da kalmar, amsarsa kuma ta nuna inda za a nemi cutar. Wannan tsari ya ɗauka cewa a ƙarƙashin kalmar akwai rarrabewar da majiyyaci zai iya tonowa idan aka matsa masa. A 2007 David Newman-Toker da abokan aikinsa suka gwada wannan zato a sashen gaggawa a Baltimore, suka tarar cewa kimanin rabin majiyyatan sun zaɓi wani rukuni dabam da aka sake tambayarsu bayan 'yan mintoci, kuma mafi yawansu sun zaɓi fiye da rukuni ɗaya. Amma da aka tambaye su tsawon lokacin da abin yake ɗauka da abin da ke tayar da shi, amsoshinsu sun fi tsayawa wuri guda.

Za a iya cewa wannan ruɗani daga yanayin jin kansa yake, ba daga tarihin kalma ba, kuma a nan ina ganin mai sukar ya taɓo gaskiyar da ke ƙarƙashin batun duka. Daidaiton jiki aiki ne da kunnen ciki da ido da jijiyoyin gaɓoɓi suke yi tare ba tare da mutum ya sani ba, sai ya lalace ake jin sa. Ba shi da wani abu a waje da mutum biyu za su nuna da yatsa su yarda a kan sunansa, yadda za su yi da launi ko ɗanɗano. Yaro yana koyon kalmar ne lokacin da ya yi wasan juyi ya tashi yana tangaɗi, babba ya gan shi ya faɗa masa sunan abin. Ta waje ake koyon ta a rayuwar mutum ɗaya, ta waje kuma ta shigo a rayuwar harshen. Saboda haka tarihin *giddy* da sakamakon binciken Baltimore shaidu biyu ne a kan dalili guda, ɗaya daga rubuce-rubucen shekara dubu, ɗaya daga ɗakin gaggawa. Amfanin shaidar tarihi shi ne tana gargaɗin cewa matsa wa kalmar ba zai fitar da rarrabewar da ba a taɓa zuba mata ba.

Ƙungiyar Bárány, wadda ta haɗa masana wannan fanni daga ƙasashe da yawa, ta yi ƙoƙarin gyara a 2009 ta hanyar yanke wa kalmomin iyaka: *vertigo* ta zama jin motsi alhali babu motsi, *dizziness* kuma ta zama ruɗewar sanin inda jiki yake a sarari ba tare da jin motsin ƙarya ba. *Giddy* ba ta cikin manyan kalmomin da aka zaɓa. Wannan yana taimaka wa likitoci su fahimci juna a rubuce, amma majiyyaci bai halarci taron ba, kuma zai ci gaba da magana da harshen gidansu. Matsalar tana ninkuwa inda ake jin koke da wani harshe a rubuta shi da Ingilishi, kamar yadda ake yi a asibitocin Nijeriya da Gana, inda mai cewa jiri da mai cewa juwa da mai cewa hajijiya duk za su iya komawa *dizziness* a katin asibiti. Abin da ya fi amfani shi ne tambayoyin da ba su dogara ga sunan jin ba. Jirin da ke zuwa na daƙiƙoƙi idan mutum ya juya a kan gado yana nuni ga 'yan ƙananan duwatsun kunnen ciki da suka goce, abin da gwajin Dix da Hallpike na 1952 yake tabbatarwa, kuma ana gyara shi da jujjuya kai bisa tsarin da John Epley ya wallafa a 1992. Wanda ke zuwa idan an miƙe tsaye yana sa a auna bugun jini a kwance da a tsaye, a kuma duba ƙarancin jini ko ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya kwana da kwanaki, tare da amai da kasa tsayuwa, yana buƙatar a bambanta kumburin jijiyar kunne da shanyewar wani sashe na bayan ƙwaƙwalwa, kuma ana yin wannan ne ta duban motsin idon majiyyaci, ko da wace kalma ya kawo kukansa.